Daga Haghpat zuwa Tatev: yawon da na yi a ƙauyukan Armeniya

Daga Tibilisi babban birnin Jojiya zuwa bakin iyakar Armeniya bai cika awa biyu ba a mota. Ni dama Jojiya na je duba ƙanina da yake karatun likita a can, to da ya samu ɗan hutu sai yace Yaya tunda ka zo har nan mu leƙa maƙota mana, akwai wani abokinsa Ba'armeniye da ya daɗe yana masa tayin zuwa ƙauyen kakanninsa. Ni kuma ba a min tayin yawo sau biyu. Muka gama da takardu muka bi ta Sadakhlo muka tsallaka Bagratashen, a can wani kawun abokin nan ya ara mana tsohuwar motarsa Lada Niva, irin motar nan ta Rasha da babu kyan gani amma babu dutsen da take tsoro.

Ga wanda bai san ƙasar ba, ƙarama ce, mutanenta wajen miliyan 3 ne kacal, ba ta da teku, Jojiya na arewa, Iran na kudu, Turkiyya na yamma, Azarbaijan na gabas, kuma iyaka da waɗannan biyun na ƙarshe a rufe take. Yawancin masu zuwa yawon buɗe ido a Yerevan babban birnin ƙasar suke kama otal, da safe bas ta kwashe su ta kai su tsohuwar coci su yi hoto su dawo kafin magariba, ƙauyen da cocin yake ciki ko kallonsa basa yi. Mu kam albarkacin abokin ƙanina a gidajen mutane muka riƙa kwana, kuma wallahi da ta tagar bas na ga ƙasar nan da ba abin da zan iya baku labari sai duwatsu.

Hanyar farko tana bin kogin Debed ne a cikin wani kwazazzabo mai zurfi, dutse dama dutse hagu. A ƙasan akwai garin Alaverdi, garin narkar da tagulla ne tun zamanin da, yanzu masana'antar ta daina aiki, ga dogon bututun hayaƙinta can a kan dutse shiru, ga dogayen gidajen zamanin Sobiyet duk sun yi baƙi, tagogi da yawa babu kowa a bayansu. Amma da ka hau sama ta wata hanya mai lanƙwasa sai ka tarar da wata duniya daban, fili shimfiɗe, ciyawa, shanu, kaji, ƙauyuka a zaune a bakin gaɓa. Abu na farko da ya ɗaure min kai shi ne wasu bututai masu ruwan ɗorawa da suke bin gefen titi a sama, in sun zo ƙofar gida sai su ɗaga su yi ƙofa su sauko, ashe na gas ne, haka suke a kusan kowane ƙauye.

Haghpat sunan ƙauye ne kuma sunan gidan ibadar sufayen Kirista da ke samansa. Wata sarauniya ce mai suna Khosrovanuysh matar sarki Ashot na 3 ta kafa shi wajen shekarar 976, ku lissafa da kanku, sama da shekara 1,000 kenan kuma ginin na nan a tsaye da rufinsa. Baƙin dutse ne duka, an sassaƙe an jera, ciyawa ta tsiro a kan rufin. A bangon gabas can sama an sassaƙa 'ya'yanta biyu Smbat da Gurgen suna riƙe da ɗan ƙaramin samfurin cocin a tsakaninsu. Akwai wani ɗaki da suka ce na littattafai ne, ƙasansa duk ramuka ne na tuluna da aka binne, akwai hasumiyar ƙararrawa ta 1245 ita kaɗai a gefe. UNESCO ta saka wurin a jerin kayan tarihin duniya tun 1996, amma ranar da muka je mu ne kawai sai wani dattijo da yake yankan ciyawa da lauje a tsakanin kaburbura yana tarawa don shanunsa, katangar gidansa ma jingine take da ta wurin. Yace mana kakansa ma nan yake yanka.

Sanahin na ɗaya ɓangaren, ƙauye ne shi ma da tasa tsohuwar cocin, ita ma ta ƙarni na 10 ce. A nan ne na ɗan tsaya turus, don zauren shiga cocin gaba ɗaya daɓensa kaburbura ne, duwatsu a shimfiɗe da rubutu da zanen mutum a kai, babu inda zaka sa ƙafa ba a kan wani ba. Ni da aka raina da cewa ba a taka kabari sai na kama bin gefen bango ina ɗingishi, ƙanina na min dariya. Abokinmu yace ai su manyan nan da kansu suka nemi a binne su a nan don a riƙa taka su, ƙanƙan da kai ne a wurinsu. Na ji bayanin na kuma fahimta, amma dai ban taka ba.

Wani abin da ban yi zato ba a Sanahin shi ne jirgin yaƙi. Eh, jirgin yaƙi na gaske MiG-21 a ajiye ƙarƙashin wata rumfar siminti a tsakiyar ƙauye. Ashe nan ne mahaifar Artem Mikoyan, injiniyan da shi da abokin aikinsa Gurevich suka ƙera jiragen MiG, da yayansa Anastas Mikoyan wanda ya daɗe a manyan muƙaman Tarayyar Sobiyet tun zamanin Stalin. Na tsaya ina kallo ina tuna cewa sojojin saman Najeriya sun yi amfani da MiG-17 lokacin yaƙin basasa daga baya kuma suka sayi MiG-21, ashe mai ƙirar ɗan wannan ƙauyen ne da awaki ke kiwo a bayan gidan tarihinsa.

A gidan wata 'yar uwar kakar abokinmu muka sauka, tsohuwa ce tukuf amma da ƙarfinta, shi yana ce mata tatik, wato kaka, mu ma muka bi sahu. Tana ganinmu ta tafa hannu ta kira maƙota, kafin kace me tsakar gida ya cika da tsofaffi da yara an zo ganin baƙaƙen fata, wani yaro har da shafa hannuna ya duba yatsansa. Babu wulaƙanci a ciki ko kaɗan, mamaki ne kawai. Aka shimfiɗa tebur a ƙarƙashin inabi, cuku mai gishiri, tumatir, kokwamba, ganyaye ɗanyu iri-iri da suke ci haka nan, zuma, kindirmonsu da suke kira matsun, ƙwai da aka soya da tumatir. To a nan sai Musulmi ya buɗe ido, don gasasshen naman da suka fi ji da shi, khorovats, yawanci na alade ne, kuma duk gidan da ka shiga akwai wata giya mai ƙarfi da suke dafawa da kansu daga 'ya'yan itace, fara tas sai ka rantse ruwa ne. Wani maƙoci ya cika min ɗan ƙaramin kofi ya miƙo, nace na gode Baba amma ni Musulmi ne bana sha, ya dube ni ya dubi kofin yace ko ɗan kaɗan don lafiyar iyayenka? Nace iyayen nawa ne ma zasu fara tsine min. Da aka fassara masa ya yi dariya har da tari, tatik kuma ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙaton kwalba na ruwan 'ya'yan itace da ta dafa da sukari tun bazara, shi muka riƙa ɗagawa duk lokacin da suka ɗaga nasu.

Da lokacin sallah ya yi na nemi ruwa, ba tare da na roƙa ba ta ɗauko wani sabon bargo ta shimfiɗa mana a ɗakin ɗanta. Ɗakin a gyare yake tsaf amma ka san ba a kwana a ciki. Ɗan yana Rasha cin rani, aikin gini, shekara da shekaru, da yana dawowa duk hunturu yanzu ya kwashe matarsa da yara sun zauna can. Wannan labarin kuwa na ji shi har na gaji, kusan duk gidan da muka shiga daga arewa har kudu akwai ɗaki irin wannan. In ka zaga ƙauyen da yamma zaka ga gida uku a buɗe biyu da kwaɗo, makaranta ƙatuwa ta zamanin Sobiyet yara 'yan tsiraru a ciki. Cocin shekara 1,000 bata rushe ba amma masu share mata ƙofa suna ƙarewa, kuma ni a ganina wannan shi ne babban labarin ƙauyukan nan, ya fi duk wani tarihin sarakuna da ake rubutawa a allon bakin ƙofa.

Da asuba hayaƙi ya tashe ni, mata uku ne a wani ɗan ɗaki a bayan gida suna gasa burodinsu da suke kira lavash. Murhun rami ne a ƙasa da aka shafe da yumɓu, sunansa tonir, su kuma suna zaune a bakinsa ƙafafunsu a cikin wasu ƙananan ramuka. Ɗaya na murza ƙullu, ta biyu ta karɓa ta riƙa wurga shi daga hannu zuwa hannu har ya yi faɗi ya yi siriri, sai ta shimfiɗa shi a kan wani matashi ta sunkuya ta manna a bangon ramin da ƙarfi, ko minti ɗaya baya yi ta ukun ta zaro shi da ƙugiya. Suna yi da yawa ne su busar su jibge, ya yi watanni, in za a ci sai a yayyafa masa ruwa a rufe da zane ya dawo laushi. Shi ma UNESCO ta saka shi a jerin al'adu a 2014. Da zafinsa da cuku da ganye a ciki, jama'a, ban ci abin da ya kai shi daɗi ba a duk tafiyar.

Daga nan muka gangara ta Vanadzor, kusa da inda girgizar ƙasar Spitak ta 7 ga Disamba 1988 ta kashe mutum wajen 25,000, har yau in dattijan yankin zasu baka labari sai su ce kafin girgiza ko bayan girgiza. Muka wuce Fioletovo, ƙauyen wasu Rashawa ne 'yan ɗariƙar Molokan da sarakunan Rasha suka koro nan a ƙarni na 19, maza da dogon gemu mata da kallabi, gonakin kabeji ko ta ina, basa cin alade kuma basa son a ɗauke su hoto, don haka muka sayi karas a bakin titi muka yi gaba. Dilijan daji ne mai kyau amma ta zama wurin hutun 'yan birni, bamu tsaya ba.

Ana fita daga wani dogon rami da aka huda dutse sai bishiyoyi su ɓace ɗif, sai ga tafkin Sevan shuɗi shar a tsayin mita wajen 1,900. Sanyi kam ba a magana. Cocin Sevanavank da aka kafa a 874 da a tsibiri take sai da jirgin ruwa, amma tun daga shekarun 1930 gwamnatin Sobiyet ta riƙa jan ruwan tafkin don lantarki da noman rani har ya sauka kusan mita 20, tsibirin ya haɗe da tudu, yanzu da ƙafa ake zuwa. Da suka ga ɓarnar ta yi yawa sai suka haƙa rami mai tsawon kilomita 48 a ƙarƙashin duwatsu don jawo ruwan kogin Arpa su mayar, aka buɗe shi a 1981. Mun ci kifi a nan hankali kwance, ba tambayar wa ya yanka.

Amma inda ya fi tsaya min a rai a yankin shi ne Noratus. Ƙauyen manoman dankali ne, ko ina tulin busasshiyar ciyawa da tulin kashin shanu da aka yanka murabba'i aka busar don hura wuta, tunda babu itace. A gefen ƙauyen akwai maƙabarta mai faɗi cike da khachkar, wato dogayen duwatsu a tsaye da aka sassaƙa gicciye a tsakiya aka kewaye shi da saƙa mai sarƙaƙiya, ɗaruruwa, sun doshi 1,000, wasu tun ƙarni na 10, kuma ba zaka samu biyu iri ɗaya ba. Gansakuka ja da ruwan ɗorawa ta rufe su. Ita ce mafi girma da ta rage tun bayan da aka rushe ta Julfa a yankin Nakhchivan na Azarbaijan. Wasu tsofaffin mata na zaune a bakin ƙofa suna saƙa safa da hula suna sayarwa, ɗaya ta ajiye saƙarta ta ja mu ciki ba wanda ya saka ta, ita ce ta nuna mana duwatsun da ke kwance waɗanda ni na fi so ma, don su rayuwar mamacin aka zana, ga manomi da garma da shanunsa, ga mai kiɗa, ga wani da aka zana biki guda, ango da amarya da tebur da abinci da wani mahayi da ya shigo da takobi, tace ranar bikin maharan suka zo suka kashe kowa. Ta kuma bamu labarin da kowa a garin ya sani, wai da rundunar Timur, wani sarkin yaƙi na da, ta doso sai mutanen gari suka ɗora wa duwatsun nan hulunan ƙarfe suka jingina musu takubba, daga nesa maharan suka zaci runduna ce suka juya. Tatsuniya ce ko gaskiya, ita dai da yaƙini take faɗa. Tumaki na kiwo a tsakanin kaburburan, wasu sababbin kaburbura a can ƙarshe da hotunan samari cikin kakin soja a jikin baƙin dutse, shekarar rasuwa 2020, shekarar yaƙinsu da Azarbaijan. Na sayi safa biyu, ba don tausayi ba, ƙafata ce ta ƙage.

Daga Martuni hanya ta hau sama sosai zuwa mashigin Vardenyats da aka fi sani da Selim, mita 2,410, babu gida babu bishiya sai makiyaya da tantunansu da manyan karnuka. Ana fara gangarawa sai ga wani dogon gini na baƙin dutse a kwance a gefen hanya, in baka lura ba zaka wuce. Masaukin ayari ne da yarima Chesar Orbelian ya gina a 1332 don 'yan kasuwar da ke bin wannan hanya da dabbobinsu. A saman ƙofa akwai rubutun Farisanci da haruffan Larabci ya kusa gogewa, gefe ɗaya an sassaƙa sa, ɗaya gefen wata dabba mai fukafukai, daga ciki kuma akwai rubutun Armeniyanci da ya ambaci sarkin Mongol na lokacin, Abu Sa'id. Muka kunna fitilar waya muka shiga, zaure ne dogo an raba shi uku da ginshiƙai, ga komayen dutse na dabbobi a jere, ga ƙofofin haske a rufi, ƙofar shiga ɗaya ce tak saboda ɓarayi da sanyi. Wallahi ina shiga abin da ya faɗo min shi ne zangon fatake da kakanninmu ke sauka a hanyar Gwanja, madugu ya sauke kaya a ɗaure jakuna a hura wuta a kwana da ido ɗaya, sai dai su nasu da dutse suka yi saboda dusar ƙanƙara shi yasa ya kai yau. A duk wuraren da na gani wannan ne na ji kamar na san mutanen da suka kwana a ciki. A waje wani mutum da matarsa sun buɗe bayan tsohuwar motarsu suna sayar da zuma da busassun 'ya'yan itace, suka dafa mana shayin ganyen dutse a kan ɗan risho.

Gangarowa Vayots Dzor sai ƙasa ta koma ja, zafi ya dawo, gonakin inabi suka fara. To ga gargaɗi ga duk wanda zai bi ta ƙauyen Areni, zaka ga rumfuna a bakin titi an jera manyan robobin Coca-Cola cike, kar ƙishi ya ruɗe ka, giyar inabi ce a ciki, mutanen wurin da kansu suke cewa saboda direbobin manyan motocin Iran ake zuba ta a haka. Garin dama da ita aka san shi, a wani kogo da ke bakin hanya masu tonon tarihi sun gano wurin matsar inabi na shekara wajen 6,100, kuma a kogon dai a 2008 aka samu takalmin fata na shekara wajen 5,500 da igiyarsa da ciyawa cushe a ciki, yana gidan tarihi a Yerevan yanzu. Daga bakin kogon wata siririyar hanya ta shiga tsakanin jajayen duwatsu ta kai mu Noravank. Cocin da ta fi jan ido bene ce, an gama ta a 1339, aikin wani gwanin magini kuma masassaƙi ne mai suna Momik, matakalar hawa saman a jikin bangon gaba take ta waje, siririya ba abin riƙewa. Da yamma in rana ta bugi duwatsun nan da ginin duk sai su zama launi ɗaya. Kyau kam akwai, sai dai babu ƙauye a jikinta, daga masu hoto sai masu hoto, shi yasa bamu daɗe ba.

Hanyar kudu ita ce hanyar Iran, manyan motoci masu lambar Farisanci na hawa a hankali suna tuƙa hayaƙi, Nivarmu ma sai da ta yi zafi muka tsaya muka ba ta ruwa daga wani famfon dutse na bakin hanya, irin waɗanda suke ginawa sadaka don tunawa da mamaci, ruwan na zuba dare da rana. Kusa da Sisian mun leƙa Zorats Karer, wasu duwatsu sama da 200 a tsaitsaye a fili wasu da huda a samansu, masana na ta musu ko wurin duban taurari ne ko maƙabarta, ni dai iska ce ta kore ni.

Tatev kuwa sai ka hau motar igiya daga ƙauyen Halidzor, an buɗe ta a 2010, tsawonta kilomita 5.7 har ta shiga kundin Guinness, minti kamar 12 kana rataye a sama da kwazazzabon Vorotan, a wani wurin mita 320 tsakaninka da ƙasa. Ƙanina likitan gobe da yake min dariya a Sanahin shi ne ya runtse ido yana ta Hasbunallahu har muka sauka. Gidan ibadar a bakin gaɓa yake daram, bangonsa da dutsen sun zama ɗaya, babbar cocin an gina ta tsakanin 895 da 906, kuma a ƙarni na 14 da na 15 jami'a ce guda da ake koyar da falsafa da kwafar littattafai da zane, babban malaminta Grigor Tatevatsi a nan kabarinsa yake. A tsakar gidan akwai wani ginshiƙi mai tsayin mita 8 da ake kira Gavazan, an gina shi ne yadda zai iya karkata ya dawo in ƙasa ta motsa, ya tsallake girgizar 1931 da ta rushe rufin cocin, yanzu dai an ɗaure shi da ƙarfe. Yawancin mutane daga nan suke komawa motar igiya, mu kuwa muka shiga ƙauyen Tatev ɗin kansa da ke bayan katanga, titi duk taɓo da kashin shanu, dattawa na buga nardi, wani wasa mai kama da dara, a bakin shago, wata mata ta gasa mana wani burodi da ake cusa wa ganyaye kala-kala a ciki, zhingyalov hats. Tace ita ba 'yar nan bace, daga Karabakh, yankin da suka daɗe suna rikici a kai da Azarbaijan, suka zo a watan Satumba na 2023 lokacin da mutum sama da 100,000 suka bar yankin cikin 'yan kwanaki suka kwararo ta garin Goris. Bata ƙara komai a kai ba mu ma bamu tambaya ba.

Gaba da Goris kaɗan akwai Khndzoresk. Tsohon garin a jikin kwazazzabo yake, wasu tsinannun duwatsu masu tsini duk an huda su an yi ɗakuna, wani a kan wani, da coci da maɓuɓɓugar ruwa da wurin dabbobi, kuma mutane na zaune a ciki har shekarun 1950 kafin a mayar da su sabon gari a saman tudu. Ana sauka ta matakala masu yawan gaske sannan a bi wata gada mai lilo ta mita 160 da aka yi a 2012, ƙasanta raga ce kana ganin abin da ke ƙarƙashinka. A can muka haɗu da wani dattijo da yace a ɗaya daga kogunan aka haife shi, ya nuna mana da sandarsa, ga inda uwarsa ke ajiye tulu, ga baƙin hayaƙi har yanzu a rufin. Nace Baba da can da yanzu wanne ya fi? Yace yanzu akwai lantarki da ruwa a gida, amma da can in ka yi tari maƙocinka na sama zai ji ya leƙo, yanzu maƙocin yana Rasha.

A hanyar dawowa muka tsaya Khor Virap a filin Ararat, ƙauyukan wurin duk sheƙar farar shamuwa ce a kan turakun lantarki. Nan ne aka ce sarki Tiridat na 3 ya jefa wani malamin Kirista mai suna Girigori a rami shekara 13, daga baya shi ya warkar da sarkin, ƙasar ta karɓi Kiristanci a matsayin addinin gwamnati a 301 bisa lissafinsu, suna alfahari su ne na farko a duniya. Ramin na nan, ana sauka ta tsanin ƙarfe kamar mita 6, zafi da duhu, minti biyu na yi na fito. Daga kan katanga kuma ga dutsen Ararat ya cika sama, mita 5,137, kansa fari fat. Yana jikin tambarin ƙasarsu, suna cewa a kansa jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, mu kuma a Suratu Hud Judiyyu aka ambata, muka ɗan taɓa wannan hira da abokinmu cikin raha kowa ya riƙe nasa. Abin da ba raha a ciki shi ne dutsen a cikin Turkiyya yake, kana hango wayar iyaka da hasumiyar masu gadi a ƙasa, iyakar kuma a rufe tun 1993, manomin da ke noman kankana a gindinsa kullum yana kallonsa amma in yana son taka shi sai ya zagaya ta Jojiya.

Garni da Geghard mun je su a gurguje don suna kusa da Yerevan kuma cunkoso ya yi yawa. Garni haikali ne mai ginshiƙai 24 na ƙarni na 1 tun kafin Kiristanci, girgizar 1679 ta zubar da shi aka sake jera duwatsun tsakanin 1969 da 1975, a jikin bangonsa akwai tsohon rubutun Larabci irin na Kufi da na yi ta ƙoƙarin haɗa baƙaƙensa. Geghard kuma rabinta a cikin dutse aka fafe, da ruwa na ɓuɓɓugowa a cikin ɗaki. A bayanta na ga wani iyali sun zo da rago za su yi matagh, yankan sadaka ne, a dafa da gishiri kawai a raba wa mabuƙata da maƙota. Matan ƙauyen Goght da na Garni na bakin ƙofa da wani zagayayyen burodi mai zaƙi, gata, na sayi babba ɗaya.

Juma'a ta same mu a Yerevan, muka yi sallah a Shuɗin Masallaci na ƙarni na 18, shi kaɗai ne ke aiki a ƙasar kuma Iraniyawa ke kula da shi, yawancin waɗanda muka tarar ɗalibai ne da 'yan kasuwa baƙi. Oshakan, ƙauyen da aka binne Mesrop Mashtots wanda ya ƙirƙiro musu haruffansu a 405, yana nan kusa kuma na so zuwa, amma ƙanina na da jarrabawa ranar Litinin kuma kawun nan ya fara kiran waya yana tambayar motarsa, dole muka kama hanyar arewa, gatan ma a mota muka cinye shi kafin mu kai iyaka.